Yadda Za Ka Gwada Mota a Legas Ka San Halinta Kafin Ka Biya

Tun da na sauya mota bara, tambaya ɗaya ake ta jefo mini, a ƙofar masallaci, a waya, har a majalisarmu ta Agege: yaya mutum zai gane motar da za ta yi masa daɗin tuƙi tun kuɗinsa na aljihu? Majalisar kuwa ba ta taɓa tsayawa a kan magana ɗaya ba. 'Yan Toyota su ce mota ita ce wadda ba ta kwana a gareji. 'Yan Honda su ce Toyota kujerar falo ce aka sa wa taya. Masu Marsandi su ce kai dai rufe ƙofa ka saurari ƙarar, sannan a yi magana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da na lura shi ne yawancin masu wannan musu da ido suka sayi motarsu, sai daga baya suka san halinta. Ga yadda nake bi, mataki bayan mataki, kuma jerin yana da muhimmanci, kada ka tsallake.

1. Fara da hanyarka, ba da sunan mota ba

Ɗauki takarda ka rubuta inda motar za ta riƙa bi a mako. Wanda yake tashi daga Agege zuwa Island kullum, rabin ransa a gosulo yake, don haka daɗin tuƙi a wurinsa shi ne kujera mai kyau, esi mai sanyi, da giyar da ba ta fizga. Wanda yake Mile 12 ko Alaba Rago yana shiga lungu da kaya a but, tsayin mota daga ƙasa ya fi masa komai. Na Lekki da Ajah ya tuna da damina. Wanda kuma yake ɗibar iyali zuwa Kano ko Sakkwato da Sallah, tafiyar kusan kilomita 1,000, yana son motar da take zama daram a kan titi in ta ɗauki gudu.

Rubuta kuma nawa za ka iya zuba wa tanki a mako ba tare da ka taɓa kuɗin cefane ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, bambancin filogi huɗu da filogi shida ya zama maganar da ake ji a aljihu.

2. Rage zaɓinka zuwa uku, ka san halin kowace

Nan ne musun majalisa yake da amfani, in ka iya tace shi.

Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake ce wa Muscle, mai laushi ce. Sitiyarinta sakayau, da yatsa biyu za ka juya shi, tana haɗiye ramuka ba ƙorafi. Amma ka shiga kwana da ɗan gudu, za ka ji jikinta ya kwanta gefe kamar kwale-kwale. Mai son kwanciyar hankali zai ce madalla, mai son jin titi a tafin hannunsa zai yi hamma.

Honda Accord kishiyarta ce. Ta 2003 zuwa 2005, wato EOD, da DC ta 2006 da 2007, da Evil Spirit ta 2008 zuwa 2012, duk sitiyarinsu ya fi nauyi, mazauninsu ya fi ƙasa, kuma inda ka nuna musu nan suke bi. Kuɗin wannan daɗin shi ne za ka ji ramin da mai Camry bai san da shi ba.

Lexus ES350 Camry ce da ta yi karatu a waje: gindinsu ɗaya, injin V6 mai lita 3.5, shiru a ciki kamar ɗakin amarya. IS250 kuwa dabba ce daban. Tayoyin baya ne ke tura yawancinsu, shi ya sa a kwana za ka ji kamar wani ya dafa bayanka ya juya ka. Sai dai kujerar bayanta ta yara ce, kuma ƙasa take ƙwarai. C300 ta 2008 zuwa 2014 ita ce mai nauyin nan da masu Marsandi ke yabo: tana ƙara gudu tana ƙara manne wa kwalta. Corolla ba ta da wani labari, kuma masu ita ba labari suke nema ba.

Ni dai ɓangaren Honda nake, ba na ɓoyewa. Amma da zan riƙa kwana a gosulon Ikorodu Road kullum, da ES zan nema, in bar 'yan majalisa su yi ta dariya.

Hattara: kowane hali da cutarsa. Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san wasunsu da shan baƙin mai, dashbod ɗinsu kuma yana narkewa ya yi danƙo a rana. Accord tana son a riƙa duba bol joyin ɗin ƙafar gaba, shi ne yake sa ka ga mota ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karkace. Giyar EOD mai filogi shida tana da tarihin matsala. C300 kan kulle sitiyari ta ƙi tashi in makullin lantarkinta ya mutu. Rubuta cutar kowace a gefen sunanta, da ita za ka je kasuwa.

3. Je Ladipo kafin ka je Berger

Mutane suna juya wannan jerin, shi ya sa suke kuka. Kafin ka taka Berger ta Apapa ko wani filin sayar da motoci, shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo a Mushin ka tambayi farashin abubuwa biyar na kowace mota cikin ukun: shok na gaba, fitilar gaba ɗaya, kwamfiresan esi, giya, da inji. Tambayi shago uku, ka ɗauki na tsakiya. Farashi yana tafiya da dala, don haka na watan jiya ba na yau ba ne. Da yawa daga masu mafarkin motar Jamus a nan suke farkawa, wasu kuma su ga ashe za su iya, duk riba ce.

Daga nan raba kuɗinka. Ni nakan ware kashi 15 cikin 100 in manta da su, don gyaran farko, tayoyi, lamba da takardu. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce a shekara tun daga Janairun 2023. Abin da ya rage shi ne kuɗin motarka na gaskiya, ba abin da ke asusunka ba.

4. Tara kayan aiki da mutanenka

Bakanike wanda ya san irin motar, na'urar binciken kwamfutar mota, tocila mai haske, ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, farin tsumma, da kwalin da za a shimfiɗa a leƙa ƙasa. Sa kayan da kake sawa kullum, har hula. Za ka ga dalili.

Hattara: kai za ka biya bakanikenka kuɗin yininsa, ku yi magana tun a gida. In ka bar shi ya ci la'ada a hannun dillali, ka zo da ɗan kasuwa na biyu ke nan. Kuma kira mai motar tun ana gobe za ka je ka ce kada a tayar da ita sai ka zo. Je da safe, rana a sama, jikin mota a bushe. Ruwan sama da fitilar dare ƙawayen tsohon fenti ne.

5. Kallon jiki

Ja baya taku goma ka kalle ta daga gaba, gefe, da kusurwar baya. In siffarta ba ta burge ka yanzu ba, ba za ta burge ka bayan shekara ba, kada ka bari a lallashe ka. In ta burge ka, to sai ka ajiye soyayya ka matso.

Durƙusa ta wajen fitilar gaba ka bi jikin da ido har baya, hasken rana zai nuna maka duk inda ya yi tudu da kwari. Sa yatsa a tsagar da ke tsakanin bonet da gefe, dama da hagu su zama ɗaya. Bi ƙofofi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sosai an cika da fila, sai dai ka tuna ba ya kama roba ko alminiyam. Duba kan kusoshin bonet da na ƙofa, in fentinsu ya ɓare an taɓa kwance su. Da yawa daga cikin tokunbo na Amurka, wato motocin hannu da ake shigowa da su, daga gwanjon motocin da suka yi hatsari suke fitowa, don haka tambayar ba ita ce ko an buge ta ba. Tambayar ita ce a ina, kuma ya taɓa shasi?

A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya mai zane fes amma tsohuwa, kuɗi ne za ka cire daga farashi.

Sannan ɗaga kafet. A nan aka yi mini sakiyar da ba ruwa shekarun baya. Na ga wata baƙar mota da magariba a wani fili, fitilu na walƙiya a jikinta, ciki na ƙamshin turare, na biya washegari ban ɗaga komai ba. Bayan sati uku gilashin taga ya fara sauka da kansa, sigina na kunna goge-gilashi. Da mai waya ya cire kujerar gaba, sai ga busasshen laka a ƙarƙashin kafet, kusoshin kujera sun yi ja da tsatsa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai ta yi iyo." Tun daga ranar nake jan bel ɗin kujera har ƙarshe in duba ko akwai layin ruwa, in leƙa ramin safaya da tocila, in shinshina but. Ƙamshin da ya yi yawa a mota abin tuhuma ne.

6. Zauna ciki minti biyar, inji a kashe

Wannan matakin ne aka fi rainawa, kuma shi ne rabin daɗin tuƙi. Gyara kujera yadda wuyan hannunka zai kai saman sitiyari kafaɗarka na jingine. Hularka ta taɓa rufi? Motoci masu rufin gilashi sukan cinye tsawo, in zanna ce a kanka za ka yi ta tuƙi a sunkuye. Ginshiƙin gaba yana ɓoye maka ɗan acaɓar da zai ɓullo daga kwana? Kana ganin ƙarshen bonet? A Legas, inda danfo ke shafa madubinka, motar da ba ka san iyakar jikinta ba wahala ce komai kyanta.

Fita ka koma kujerar baya ba tare da ka matsar da ta gaba ba. Nan Hajiya da yara za su zauna, nan kuma surukinka zai zauna da babbar riga.

7. Tayarwa a sanyi

Taɓa bonet da bayan hannu. In da ɗumi, an riga ka, ka ce za ka dawo gobe. Tun inji na sanyi buɗe murfin lagireto, ruwan ya zama mai launi, ba ruwan famfo mai tsatsa ba, kuma babu maiƙo. Zaro sandar baƙin mai ka goga a farin tsumma. Leƙa ƙarƙashin murfin mai, in ka ga abu kamar madarar da ta haɗu da shayi, ruwa yana shiga mai.

Hattara: kada ka taɓa buɗe lagireto bayan inji ya yi zafi. Ruwan zai yi tsartuwa ya sale maka hannu da fuska.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska dole su kama duka, su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi ko aka toshe. Sa bakanike ya tayar, kai kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa gasket ne. Saurari daƙiƙa goman farko, a nan inji yake faɗin gaskiya.

Jona na'urar a mazauninta da ke ƙarƙashin sitiyari. Kada ka tsaya a kan "babu matsala". Ce a nuna maka shafin da kwamfutar ke gwada kanta, in da yawa ba su kammala ba, kwanan nan aka goge laifuffukan ko aka cire batir. Bakanike ya duba ko indomi, wato matatar hayaƙi, na nan a salansa, don ana cire shi a sayar, ya duba kuma ko an cire tamostat, mai daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye. In fanka ta tashi tare da inji a sanyi esi na kashe, an yi wannan aikin.

8. Tuƙi: hanya uku, rediyo a kashe

Zagaye ɗaya cikin fili ba gwaji ba ne. Kana bukatar aƙalla rabin sa'a, ka zuba mai da kuɗinka don kada a ce maka tanki ba komai. Mai motar ko yaronsa ya zauna gefenka da lambar dila da takardu. Wanda ya hana ka fita da mota, ka yi masa sallama.

Fara da gargada. Nemi layi marar kwalta ko mai tudun rage gudu, ka sauke gilashi, ka tafi a hankali. Ƙwas-ƙwas daga ƙasa bushin ne ko ƙananan sandunan ƙafa. In ta haye tudu ta ci gaba da rawa sau biyu sau uku, shok ya mutu. Ka lura kuma da yadda bayanka ya ji, don ba kowace tauri ce lalacewa ba, wata haka aka ƙera ta. A fili juya sitiyari har ƙarshe ka zagaya dama, ka zagaya hagu. Ƙas-ƙas-ƙas a nan shaf ne.

Sai gosulo, kuma da gangan za ka neme shi, ba wuya a garin nan. Rufe gilashi, kunna esi har ƙarshe, ka yi minti goma sha biyar ana tafiya ana tsayawa. Idonka na kan allurar zafi, kada ta wuce tsakiya. Esi ya ci gaba da sanyi ko mota na tsaye. Ji yadda take ɗaukar giya ta ɗaya zuwa ta biyu, da yadda take shiga ribas: in ta yi jinkiri sannan ta buga, giya ta fara gajiya. Ka tambayi kanka, zan iya wannan zaman sa'a biyu kullum a cikin wannan kujerar? Motoci da yawa da ake yabo a majalisa a nan suke faɗuwa.

Daga ƙarshe buɗaɗɗen titi. In a ɓangaren Agege kake, hau gadar sama ta Pen Cinema ka taka totur tun daga gindi. Giya ta sauko nan take, motar ta ja ba tare da inji ya yi ihu a banza ba. In ka samu safiyar Asabar, gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ita ce makarantar gane mota, don mahaɗan gadar za su nuna maka ko tana zama ko tana tsalle, iskar ruwa kuma ta nuna ko tana riƙe layinta. A wajen gudun 80 sassauta riƙon sitiyari kaɗan, hannunka na kai. In ta ja gefe, alaimen ne ko abin da ya fi shi. In sitiyari na karkarwa, balansin ne ko rim ya lanƙwashe. Gurnani mai ƙaruwa da gudu boris ne. Duba madubi, in babu kowa a bayanka taka birki da ƙarfi sau ɗaya, ta tsaya a miƙe, feda kada ta nutse.

Sannan ka bar lissafi ka ji da jikinka. Canza layi sau biyu. Motar ta bi hannunka nan take, ko sai ta yi shawara? Ka samu kanka kana son ƙara wani zagaye, ko ka ƙosa ka mayar? Ranar da na gwada wadda nake ciki yanzu, bakanikena ne ya taɓa ni ya ce, "Maigida, mun wuce kwanar komawa tun ɗazu." Ban ma lura ba.

Hattara: kada ɗoki ya sa ka taka layin BRT ko ka bi hanyar da ba a shiga ta nan, jami'an LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci ba ruwansu da cewa gwaji kake, kuma motar da ba taka ba za a kama. Akwai kyamarorin auna gudu a wurare irin su Alapere, tarar kuma lambar motar take bi.

Da kun dawo kada a kashe inji. Leƙa ƙasa da tocila ko wani abu na ɗiga, sake jona na'urar. Laifin da aka goge da safe sau da yawa yanzu yake dawowa.

9. Takardu

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ta jikin gilashin gaba, ta ginshiƙin ƙofar direba, da ta takardar Kwastam su zama ɗaya, harafi da harafi. A motocin Amurka, na goma shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 kuma 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Da wannan za ka kama motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Biya a ciro maka rahoton Carfax mai nuna tarihin motar a Amurka, ka sa lambar a Google, sau da yawa hotunan gwanjon za su fito ka ga yadda take kafin fanalbita ya taɓa ta.

Kai takardar diyuti ofishin Kwastam a tantance, kada ka yarda da hoto a waya. Wannan ya fi shafar mu masu tafiya Arewa, don shingayen hanya ba sa jin "dillali ne ya ce". In ta hannu ce, ga mai ita da idonka da katin shaidarsa, sunan ya dace da takardun, a rubuta yarjejeniyar sauya mallaka da shaidu. Kuɗi ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke kan rasit.

10. Ciniki

Fito da takardarka: tayoyi biyu, shok ɗaya, gas ɗin esi, ga farashin Ladipo. Da wannan ake tayi, ba da kushe mota ba. In an ce albarka, karɓi lamba ka tafi ka kwana. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan motar da ba ka gama mataki na tara a kanta ba.

11. Makon farko

Juye baƙin mai da fita ko an rantse maka sabo ne, ka sa kaurin da aka rubuta a kan murfi. Man giya kowace da nata: Honda DW-1, Toyota da Lexus na waɗannan shekarun yawanci WS, ka tabbatar a littafin motar, kuma kada ka bari a zuba maka jan mai na galan. In an cire tamostat, mayar da shi. Yi alaimen da balansin.

Sai iskar taya, wadda ita kaɗai kan sauya halin mota gaba ɗaya. Masu faci sukan dura 45 ko 50, motar ta koma tana tsalle kamar amalanke, mai ita ya zargi shok. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a ginshiƙi da adadin da kamfani ya sa, a irin waɗannan motocin yawanci tsakanin 30 da 35. Sayi ma'aunin iska naka ka ajiye a aljihun dashbod, ka auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi, har da safaya.